Asirin Majinyaci da Aikin Hakimi

Wannan bayani an shirya shi ne domin Hakimai, watau Iyayen Ƙasa kamar yadda a ke kiransu a ƙasashen Gwandu da Argungu, da kuma malaman da ke riƙe musu takardun ofis. Maganar da ya ƙunsa ba kullum ta ke tasowa ba, amma ran da ta taso ta kan zo da nauyi ƙwarai, gama akwai rai a cikinta, akwai mutunci, akwai kuma zaman lafiyar gari. Maganar ita ce, mutum ya je neman magani, cikin ganawarsa da likita ya faɗi wani laifi da ya aikata shekarun baya. Likita zai riƙe ne, ko zai kai wa hukuma? In kuwa ƙishin-ƙishin ɗin abin ya iso zauren Hakimi, me ya wajaba a kansa, me kuma ya fi ƙarfin ikonsa?

Za a fi gane al'amarin da misali. A ce wani manomin shinkafa ne a wani ƙauye na fadamar Gulbin Rima, arewa da Argungu. Barci ya ƙaurace masa wata da watanni, abinci sai an matsa masa, ya daina zuwa gona, ya kan keɓe shi kaɗai yana kuka. An sha rubutu an yi hayaƙi ba a dace ba, sai ƙanensa ya kai shi asibiti a Argungu, daga nan aka tura su Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato. A zama na uku ko na huɗu sai ya gaya wa likita cewa, shekara 11 da suka wuce, da kaka, rigima ta haɗa shi da wani makiyayi a bakin gona, ya buge shi da sanda, mutumin ya faɗi bai tashi ba, ya tura gawar cikin ruwa, har yau ba wanda ya sani. A hanyar komowa gida wata kalma ta suɓuce masa gaban ƙanensa. Ƙanen ya gaya wa matarsa, kafin kasuwa ta ci sau biyu magana ta kai ga Mai Unguwa, ta kai ga Dagaci, ta iso ga Hakimi. Hakimi ya kira malaminsa ya ce a rubuta wa likita takarda, ya aiko da bayanin duk abin da mutumin ya faɗa.

Wannan takarda bai kamata a rubuta ta ba. In ma an rubuta, likita ba shi da ikon amsa ta yadda a ke so, iyakarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ta hana ni." Amma wannan bai nuna Hakimi zai naɗe hannu ya zauna ba. Akwai abin da ke kansa, sai dai hanyarsa daban ce da ta likita.

Dalilin rufe asirin majinyaci

Mai karaya ba sai ya yi dogon bayani ba, hoto zai nuna ƙashin. Mai zazzaɓin cizon sauro jininsa zai faɗa. Amma ciwon da ya kama zuciya da tunani ba shi da wata kafa da likita zai gan shi sai ta bakin mai shi. Likitan ƙwaƙwalwa, da masanin halayyar ɗan Adam, da ma'aikacin jinya mai ba da shawara, duk da magana su ke aiki, kuma sau da yawa abin da ke cin mutum shi ne ainihin abin da ya fi tsoron faɗa. In jama'ar Gulma ko Kalgo ko Bunza suka tabbata cewa abin da aka faɗa a ɗakin likita ran Talata zai kwana a fada ran Juma'a, ba wanda zai ƙara buɗe baki. Ba masu laifi kaɗai za su yi shiru ba. Saurayin da ƙwaya ta kama, da matar da ta ɓoye haihuwa don kunya, da dattijon da ya taɓa yunƙurin halaka kansa, duk za su zauna gida da ciwonsu. Wanda kuwa ya fi zama haɗari ga jama'a, watau mai saƙa mugun abu a ransa yana neman wanda zai kwance masa shi, shi ne zai fara gudun asibiti. Ashe ke nan amfanin rufin asirin nan gari duka ya ke komawa.

A dā doka ba ta damu da wannan sosai ba. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sake tsarawa cikin 1958, ta fi kula da yadda za a tsare mai taɓin hankali fiye da yadda za a kiyaye hakkinsa. Ta daɗe tana aiki, sai cikin Janairu 2023 aka sa hannu bisa sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbinta, ta kuma lissafa rufe asirin majinyaci cikin hakkokinsa. Tun kafin ita ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta riga ta yanke magana a sashe na 26. Sashen ya sa duk wani bayani game da majinyaci ya zama sirri, ko ciwonsa ne, ko maganin da a ke yi masa, ko ma cewa ya taɓa kwanciya a asibiti. Bai yarda a fitar da shi ba sai majinyacin ya amince a rubuce, ko kotu ta yi umarni, ko wata doka ta wajabta, ko uba ko waliyyi ya nema game da yaro ko wanda ba ya iya yanke wa kansa shawara, ko kuwa ɓoyewar za ta jawo babban haɗari ga lafiyar jama'a. A lura, ba a ambaci Hakimi ba cikin waɗannan, ba a ambaci Sarki ba, ba a ma ambaci ɗan sandan da ya zo hannu rabbana ba tare da takardar kotu ko izinin wata doka ba. Hukuncin nan ɗaya ne ko a Kware, ko a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko a ƙaramin asibitin ƙauye.

Majalisar da ke kula da aikin likitoci a Nijeriya ita ma ta ɗaure su da ƙa'idojinta. Ta sa riƙon asiri ya ci gaba ko bayan an sallami majinyaci, ko ma bayan ya rasu, ta kuma ambaci zubar da ciki, da yunƙurin kashe kai, da ɓoye haihuwa, da shan ƙwaya cikin abubuwan da likita zai riƙe, alhali kuwa ko wanne cikinsu yana iya zama laifi a gaban doka. Likitan da ya saki baki ba bisa ƙa'ida ba a na iya gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa, har a dakatar da shi daga aiki. Hakimin da ya matsa masa, sana'arsa ya ke neman raba shi da ita.

Abin da malamai suka ce

Kada wani ya zaci wannan ƙa'ida baƙuwa ce da ta zo tare da asibitin Turawa. Malaman ƙasar nan, tun zamanin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu da ma kafinsa, bisa mazhabar Imamu Maliku su ke hukunci, kuma mazhabar ta yi dogon bayani game da sutura. Labarin Ma'izu ɗan Maliku sananne ne. Ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi iƙirarin zina da bakinsa, Annabi ya yi ta kawar da fuska daga gare shi, har ya tambaya ko akwai taɓuwa a hankalinsa. Daga baya kuma ya nuna wa Hazzalu, wanda ya ba Ma'izu shawarar zuwa, cewa da ya suturta shi da ya fi masa alheri. Abu biyu ne a nan ga mai mulki. Na farko, ba a gaggawar karɓar iƙirari sai an tabbatar da hankalin mai yinsa. Na biyu, kai mutum gaban hukuma saboda abin da ya riga ya wuce ba kullum ne ya ke zama aikin lada ba.

Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda Alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna dogara da shi, ya tsaga maganar yadda ta ke da amfani har yau. A babin shaida ya raba hakkin Allah kashi 2. In haramcin yana ci gaba ne, kamar mutumin da ya saki matarsa saki uku yana kuma zaune da ita, ko ma'auratan da suka sha nono ɗaya, ko wanda ya danne waƙafi, wajibi ne wanda ya sani ya gaggauta kai magana ko da ba a tambaye shi ba. In kuwa abin ya auku ya ƙare, kamar zina, an ba shi zaɓi, masu sharhi kuma suka ce suturtawa ta fi, sai fa ga wanda ya shahara da fasiƙanci ba ya jin kunyarsa. To, wannan rabo tsakanin ɓarnar da ta ƙare da ɓarnar da ke gudana shi ne ma'aunin da dokokin likitoci na wannan zamani su ma suka ɗauka. Cikin 1993 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Burunai ta duba asirin majinyaci musamman, ta yanke cewa asalin tona shi haramun ne, sai in cutar ɓoyewa ta fi cutar bayyanawa.

Sai dai jini da dukiya hakkin bayi ne, tuba kaɗai ba ta sauke su. Wanda ya sha giya shekara 20 da suka wuce tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Wanda ya kore shanun marayu yana kiwonsu har yau, ko wanda ya kashe rai magada ba su san makomar ɗan'uwansu ba, akwai masu hakki a kansa da ke raye. A nan ne misalin manomin nan ya ke da wuya, kuma bai kamata a yi kamar ba shi da wuya ba.

Inda asiri ya ke buɗewa

Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce yardar mai maganar. Likitan kirki ba ya jin irin wannan labari ya rubuta magani kawai ya sallami mutum. Ya kan yi jinyarsa har hankalinsa ya natsu, sa'an nan ya zauna da shi su duba abin da zai sauke masa nauyin, ya nuna masa ya nemi lauya. Wanda ba shi da hali akwai Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa cikin 1976, mai ba talaka lauya kyauta a manyan ƙararraki irin na kisa. Mutumin da ya kai kansa da ƙafarsa, lauya na gefensa, ya fi samun adalci bisa wanda aka jawo daga gona a na jifa.

Ƙofa ta biyu kotu ce. A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ya yaɗu, cewa abin da aka gaya wa likita ko Alƙali ba ya iya tambayarsa. Ba haka ba ne a Nijeriya. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 192, lauya ta ba kariya game da abin da mai ƙara ya gaya masa cikin aikinsa, ba ta ba likita irinta ba, ba ta kuma ba Limami ko malamin coci ba. Har ma sashe na 31 ya nuna cewa amsa laifi ba ya ɓaci don kawai an yi shi bisa alkawarin za a rufa asiri. Saboda haka in kotu ta aiko wa likita da sammaci, sai ya je. Yana iya roƙon Alƙali a taƙaita tambaya ga abin da shari'ar ta shafa, yana iya bayyana halin da hankalin mutumin ya ke ciki sa'ad da ya yi maganar, amma in Alƙali ya ce ya amsa, sai ya amsa. A Amurka abin ya sha bamban. Cikin 1996 Kotun Ƙoli ta can ta duba shari'ar wata 'yar sanda da ta harbe wani mutum a bakin aiki, ta yi zama kamar 50 da mai ba ta shawara, dangin mamacin suka nemi a fito da abin da aka rubuta a zaman. Kotun ta hana, ta ce irin wannan ganawa tana da kariya a kotunan tarayyarsu. Wanda ya ji wannan a rediyo kada ya ɗauka nan ma haka doka ta ke.

Ƙofa ta uku ita ce inda wata doka ta wajabta kai rahoto. Dokar 2017 game da waɗanda aka harba da bindiga ta tilasta wa asibiti ya karɓe su ya yi musu magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, amma ta sa a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara magani. Dokar hana ta'addanci ta 2022 kuwa ta fi tsanani, gama ta mai da shi laifi ga duk wanda ya san wani bayani da zai taimaka a hana ta'addanci, ko a kama wanda ya aikata, ya ƙi kai wa jami'an tsaro. Wannan ba maganar nesa ba ce ga ƙasar Argungu. Cikin Nuwamba 2024 'yan bindigar da a ke kira Lakurawa suka kai hari garin Mera a ƙasar Augie, suka kashe aƙalla mutum 15, cikin Janairu 2025 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. Majinyacin da ya ce yana cikin waɗanda suka kai irin wannan hari, ko ya san inda su ke ajiye makamai, ya faɗi abin da likita ba shi da ikon riƙewa.

Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida da tsofaffin malaman Hakimai za su tuna. Cikin 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira masana shari'a, Alƙalin Alƙalan Sudan Sayyid Muhammad Abu Rannat yana shugabantarsu, bisa shawararsu aka yi Kundin Laifuffuka da jama'a suka fi sani da Final Kod, da Dokar Tsarin Shari'ar Laifuffuka, suka fara aiki cikin 1960. Sashe na 135 na dokar tsarin ya ɗora wa kowane mutum cewa, in yana da dalilin zaton an kashe wani, ko an tsinci gawa, ko ya san an aikata manyan laifuffuka irin su kisa da fashi da ƙone gida, ya kai labari nan da nan, sai in yana da uzuri karɓaɓɓe, kuma a kansa ne ya tabbatar da uzurin. Sashen bai ware likita ba. Ya dai bar ƙofar uzuri, kotu ce kuma mai auna shi. Bayan da Tarayya ta yi sabuwar dokar gudanar da shari'ar laifuffuka cikin 2015, jihohi sun bi sun sake tsara nasu, lambobin sassa sun canza, don haka malamin da zai ambaci sashe a takarda ya nemi kwafin da ke aiki daga magatakardar kotu, kada ya dogara da tsohon littafin da ya gada a akwati. Abin da za a riƙe shi ne, kisan kai ba kamar sauran laifuffukan da suka wuce ba ne, ba ya tsufa a gaban doka. Likitan da ya ji iƙirarin kisa ba ya yanke shawara shi kaɗai, ya kan kai maganar ga shugaban asibiti da lauyan asibiti. In sun ga wajibi ne a faɗa, ga 'yan sanda ko kotu za a faɗa.

Ƙofa ta huɗu ita ce haɗarin da ke tafe. Cikin 1969 wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya, Prosenjit Poddar, ya gaya wa mai duba shi cewa zai kashe wata yarinya. Mai duban ya sanar da 'yan sandan jami'ar, suka tsare ɗalibin ɗan lokaci suka sake shi, ba wanda ya gargaɗi yarinyar ko iyayenta. Cikin Oktoba na shekarar ya kashe ta, sunanta Tatiana Tarasoff. Iyayenta suka kai ƙara, cikin 1976 Kotun Ƙoli ta Kalifoniya ta yanke cewa mai jinya da ya gane majinyacinsa haɗari ne ga wani, wajibi ne ya yi abin da ya dace don kare wancan. Ƙa'idojin likitocin Nijeriya ma sun fitar da niyyar aikata laifi daga cikin asirin da a ke riƙewa. Da manomin nan cewa ya yi ƙanensa ya ji asirinsa don haka zai kawar da shi, da likita bai jira takardar kowa ba. Haka kuma laifin da a ke kira na baya alhali bai ƙare ba. Mutumin da ya ce ya taɓa lalata yarinya, yarinyar kuwa har yau tana gidansa, ko wanda ya ce wani bawan Allah na kurkuku saboda laifin da shi ne ya aikata, waɗannan ɓarna ce mai gudana kowace safiya, suna cikin kashin farko na rabon Shaihu Halilu.

Kunnen Hakimi ba kunnen likita ba ne

Hakimi wakilin hukuma ne. Abin da ya shiga kunnensa game da kisa ko fashi ya shiga kunnen hukuma ke nan. Dokar 1960 ta ɗora wa masu riƙe da ƙasa nauyi na musamman, su kai labarin mutuwa ko ɓacewar mutum mai alamar zargi, da labarin ɗan fashi ko mai kisa da ya ratsa ƙasarsu, har yau kuma wannan na cikin abin da Sarki da Gwamnati ke sa rai daga gare su. Don haka in mutum ya zo da dare ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana amma sai ka yi mini alkawarin ba mai ji," kada Hakimi ya yi alkawarin. Ya gaya masa tun kafin ya fara cewa in maganar jini ce ko fashi ba shi da ikon riƙe ta. Wannan ya fi gaskiya bisa ya karɓi amana da dare ya ci ta da safe. Wanda kuma ya taimaka aka ɓatar da shaida, ko ya ba da labarin ƙarya don ya kare mai laifi, shi ma ya shiga laifi, rawani ba ya tsare shi.

Amma kai labari daban, bincike da hukunci daban. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, cikin 1976 kuma ƙananan hukumomi suka maye gurbinta. Ba aikin Hakimi ba ne ya sa dogarai su kamo manomin nan a titsiye shi a zaure. Ba aikinsa ba ne kuma ya tara dattawa a kashe maganar jini a ɓoye. Gaskiya ne shari'ar Musulunci ta ba magada ikon yafewa ko karɓar diyya, Jihar Kebbi kuma ta shigar da hukunce-hukuncen shari'a cikin dokokinta na laifuffuka a shekarar 2000, amma wannan gaban Alƙali a ke yinsa, bayan an tabbatar da laifin an kuma san su wane ne magadan. Sulhun gona da na bashi da na aure su ne na zaure.

Akwai wani dalili kuma da ya sa gaggawa ta ke da haɗari, wanda likitoci suka sani sarai. Ciwon baƙin ciki in ya yi tsanani ya kan sa mutum ya ɗora wa kansa laifin da bai yi ba, ko ya mai da ƙaramin abu babba. Akwai mai rantsuwa shi ya kashe ɗansa alhali ƙyanda ce ta kashe yaron. Mai yiwuwa ne manomin nan ya bugi wani da gaske, mutumin ya tashi ya tafi abinsa. Mai yiwuwa ne ba a yi rigimar ba sam. Iƙirarin wanda hankalinsa ya gushe ba abin kamawa ba ne a shari'a, kotu ma sai ta nemi wata shaida ta auna shi da ita. To, a duba abin da zai faru in maganar ta fita daga fada a matsayin tabbas. A fadamar da manoma da makiyaya ke haɗuwa kowace kaka, labarin cewa wane ya amsa ya kashe makiyayi ya isa ya sa a ƙone rumbuna, a bi dare a rama bisa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. In daga baya aka gane ciwo ne ya yi magana, ba mai mai da abin da ya salwanta, ga kuma ƙarar ɓata suna tana jiran wanda ya yaɗa.

Malamin Hakimi shi ne ya fi kowa kusa da wannan haɗari, gama ta hannunsa takardu ke bi. Wata dabara da a kan yi ita ce a ce ai akwai ɗan gari da ke aiki a ɗakin kati na asibiti, a sa shi ya leƙo fayil ya ɗauko hotonsa da waya. Wannan jefa yaron mutane ne cikin wuta. Sashe na 29 na Dokar Lafiya ta 2014 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tarar Naira 250,000, ko duka biyu, ga wanda ya buɗe ko ya kwafi takardun majinyaci ba da izini ba. In wata takardar asibiti ta iso ofis ta halaliyar hanya, kamar wadda dangi suka kawo don neman taimakon kuɗin magani, a sa ta cikin ambulan a rufe, kada a bar ta bisa tebur inda masu zuwa gaisuwa ke zama, kada kuma a tura hotonta ta WhatsApp ko da ga Dagaci ne. A littafin shigar wasiƙu ya isa a rubuta ranar da ta zo da wanda ya kawo ta, ba sai an rubuta sunan ciwon ba.

Takardar da ta dace a misalin nan ba ta likita ba ce, ta Baturen 'Yan Sanda na yankin ce, da kwafi zuwa Majalisar Sarki, a rufe, a kai hannu da hannu. A cikinta malami zai rubuta ranar da magana ta iso fada da bakin wanda ta fito, ya bambanta abin da wani ya gani da idonsa da abin da aka ji an ce, ya faɗi ko tsofaffin ƙauyen sun tuna da ɓacewar wani makiyayi ko tsintar gawa a gulbi a wancan lokaci, ya kuma ambata cewa wanda a ke magana a kansa yana hannun likita, don 'yan sanda su san da wa za su yi hulɗa, su nemi izinin kotu in suna bukatar bayanin asibiti. Kafin amsa ta zo, Hakimi ya kira Dagaci da Mai Unguwa ya ja musu kunne a daina yawo da maganar a kasuwa, ya yi magana da Ardon yankin tun kafin labari ya iske shi ta wata hanya, ya sa ido bisa gidan mutumin da iyalinsa, ya kuma tabbatar ƙanensa ya ci gaba da mai da shi Kware a ranakun da likita ya sa musu.